Uwar Kuɗin Madugu Nagoma

A zamanin da, tun mutane ba su yarda takarda za ta zama kuɗi ba, an yi wani Sarki da fatake ke kawo wa ƙasarsa liyarin azurfa daga bayan hamada, irin mai kan sarkin Andalus a gaba da ginshiƙai biyu a baya. Da yake wani liyarin yakan zo da gami, sai Sarki ya kafa doka: kowanne sai Sarkin Maƙera Tanimu ya gwada shi, ya buga masa hatimin Sarki, sannan ya ci kasuwa.

Ana nan, sai liyarin darma mai wankin azurfa ya cika gari, kowanne da hatimin Sarki. Madugu Nagoma, babban attajirin ƙasar, ya faɗi a fada yana cewa, "Allah ya ba ka nasara, wa ke riƙe da hatimi in ba Tanimu ba?" Sarki na cikin fushi, Waziri Jatau kuma ya tafi rangadi. Kafin ya dawo an sare hannun daman Tanimu, an ce in kaka ta yi shi da iyalinsa su bar gari.

To, Waziri da Tanimu nono ɗaya suka sha. Da Waziri ya dawo, ko rawani bai kwance ba ya wuce maƙera, ya tarar da murhu a mace.

Tanimu ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, da hagu zan gaishe ka."

Waziri ya dubi dungulmin, bai yi kuka ba, don bai ga abin da kuka zai mayar ba. Ya rantse a ransa sai ya ga bayan wanda ya yi wannan aiki. Ya sa aka tattaro jabun da aka kama, ya baje su a tabarma cikin rana. Can ya lura duk hatimin a kan kunnen sarkin Andalus ya sauka, a karkace iri ɗaya, kowanne kuma da ɗan tsagu a baki, wuri ɗaya.

Ya ce, "Tanimu, kai a kunne kake bugu?"

"Ni da guduma nake yi, Yaya. Wani ta faɗa masa a hanci, wani a wuya. Ina na ga lokacin neman kunnen baƙo?"

Nan Waziri ya gane ba bugu ba ne, zubi ne. Liyari ɗaya na gaskiya aka yi ta dannawa a yumɓu ana zuba darma a gurbinsa. A ƙasar nan kuwa kowane ɗan kasuwa yana da uwar kuɗi, wato liyarin farko da ya ci riba. Ba ya kashe ta, a fata yake ɗinke ta ya rataya, don sun ɗauka ita ke haifar dukiya. Waziri ya san mutanensa sarai. Wanda ke son darma ta hayayyafa ba zai danna wani liyari ba sai uwar kuɗinsa.

Ya je gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tsohon hatimi ya ɓaci, a yi sabo. A girmama attajirai, a fara buga shi a kan uwayen kuɗinsu a fada a bainar jama'a, kada albarkarsu ta mutu da tsohon."

Sarki ya yarda, sanƙira ya zaga gari. Ranar taro Nagoma ne a sahun gaba, don ba ya son a riga shi komai. Ya farke fata ya miƙa. Waziri ya duba, ga hatimi a kunne, ga tsagu a baki. Sai ya jefa ta cikin tulin jabu, ya cakuɗa.

"Madugu, ɗauki uwarka."

Nagoma ya yi dariyar yaƙe. "Ranka ya daɗe, ai liyari duk kama suke."

"Na sauran attajirai ga su can, kowa ya san tasa daga nesa. Kai da ka ɗauki shekaru kana goyon taka, ɗauka."

Nagoma ya durƙusa yana tono. Ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye, gumi na ɗiga daga gemunsa. Daga ƙarshe sai da ya dinga buga su a dutse yana saurare, kafin ɗaya ta yi ƙarar azurfa.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ga uwa, ka ga 'ya'yanta. Har mai ita bai iya raba su da ido ba."

Dogarai suka tafi gidan Nagoma, suka dawo da yumɓu mai gurbin liyari da tukunyar narka darma. Sarki ya sa aka kira Tanimu, ya mayar masa da sarautarsa da gidansa, ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Ya ce a sare hannun Nagoma.

Waziri ya ce, "Zaki, a yi mini alfarma. Hannun da aka sare rami za a kai shi, me zai ƙara wa ɗan'uwana? A bar masa duka biyun. A sa masa mari a ƙafa, a kai shi maƙera. Shi zai ja zuga-zugi, shi zai ɗaga guduma, inda Tanimu ya nuna nan zai buga, har ɗayansu ya mutu."

Nagoma ya kama ƙafar Waziri. "Ka ji tausayina, Waziri, gara a sare."

Waziri ya janye ƙafarsa ya ce, "Na sani."

Haka aka yi. Murhu ya tashi, jabu ya ɓace, kasuwa ta koma daidai. Waziri kuma duk ranar kasuwa sai ya sa a shimfiɗa masa buzu a ƙofar maƙera, ya zauna yana cin goro yana kallo, bai taɓa cewa a ba Madugu hutu ba.