Abin da Gwadabe Ya Koya Wa Majalisa

Akwai wani tela a Ƙofar Guga mai suna Mannir, mutum mai kunya. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ƙafafunsa suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce ciwon ƙoda ne. Wannan kam Mannir ya jure shi. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, wata huɗu ke nan ya kasa sauke haƙƙin matarsa Iklima.

Mutum ɗaya ya faɗa wa: Gwadabe, ɗan kawunsa. Taubashinsa ke nan, wanda al'ada ta yarje wa ya yi masa kowace irin tsiya, in ya yi fushi kuma shi za a yi wa dariya.

"Don Allah ya tsaya tsakaninmu," in ji Mannir. "Likita ya ce ciwon ke jawo shi."

"Likitan mi? Basir ne, bawana!"

Washegari sai ga Gwadabe da jarkar jiƙo. Mannir ya ce an hana shi shan abin da bai san haɗinsa ba. Gwadabe ya ɗauki jarkarsa yana murmushi.

Ranar rantsar da sabuwar gwamnati, majalisar hira ta unguwa ta cika ana sauraren rediyo. Mannir na isowa Gwadabe ya miƙe ya ƙame.

"Jama'a, ku gaida mai ritaya! Ba soja kaɗai suka sauka ba. Duk wanda kuka ga ƙafarshi ta yi haka, to cikin gida ma an rufe ofis."

Majalisa ta ɗauka, har Babaji mai nama yana dukan benci. Mannir ma ya yi dariya. To ya zai yi? Taubashi ne.

Gwadabe bai tsaya nan ba. A wajen wani suna ya tare Iklima a gaban mata: "Matar bawana, sannu da haƙuri. Ashe ƙanwarshi kika koma?"

Da ta dawo gida ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ni ban taɓa kai ƙararka ba. Kai ka kai mu titi."

Ranar Mannir ya shigar da kekensa na ɗinki cikin gida, ya daina zama majalisa. Iklima dai ba ta tafi ba. Ita ke raka shi Kano wankin ƙoda.

Shi kuwa Gwadabe kullum sai ya ɗaga jarkar nan a majalisa ya kwankwaɗa. "Mu masu aiki sai da mai!"

Bayan shekara uku, wata Talata, Mannir na layin asibiti sai ya ga mutum a gefensa, fuska suntum, ƙafa cikin silifas da aka yanke wa baki. Gwadabe ne. Likita ya ce jiƙon ya gama da ƙodarsa.

Gwadabe ya riƙe hannun Mannir, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan'uwa... abin nan yana dawowa?"

"Tambayi likita, akwai taimakon da suke yi."

"Kada ka faɗa wa kowa, don Allah."

"Ba zan faɗa ba."

Bai kuwa faɗa ba, ko Iklima bai gaya wa ba. Sai dai ranar da Gwadabe ya koma majalisa, kafin ya zauna idanu suka sauka kan ƙafarsa. Babaji ya ajiye wuƙa, ya miƙe, ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, yaushe aka rufe ofis?"

"Wa ya faɗa maku? Mannir ko?"

"Mannir ina muka gan shi? Ai kai ka koya mana karatun ƙafa."

Darasi: Lalurar ɗan'uwanka ba kayan wasa ba ce, ko da taubashinka ne, don dariyar da ka koya wa mutane ba ta mantuwa. Mai irin wannan matsala kuma ya nufi likita, ya bar jarka. Ku tura wa wasu, ba irin naku na kullum ba, ku sha labarina mai daɗi ku wuce ko sannu babu!