Abin da Ya Tsaya a Ƙyallen Tata

An ce a garin Rafin Gawo an yi wani sarki mai suna Nomau, mutum ne mai son baƙuwar kalma kamar yadda yaro ke son alewa. Wata rana wani baƙo ya faɗa masa wata tsohuwar kalmar Turanci, wai "sayil", wadda ko Turawan ba su cika faɗinta ba, ma'anarta a tace abu mai ruwa-ruwa kamar madara. Ai kuwa Sarki ya yi tsalle ya dire, ya yini yana maimaita ta. Daɗi ya kai shi har ya ce fadarsa ma sai ya tace ta: wanda maganarsa ke wucewa sumul a kunne ya zauna, wanda tasa ke tsayawa a maƙogwaro dusa ne, a zubar. Na farko da aka sallama shi ne Galadima Jatau, tsohon da ba ya ganin kuskure ya yi shiru.

Sarki ya fita bayan fada yana ta murna, sai ya tarar da tsohuwar agwagwarsa mai magana tana tsotsar taɓo a bakin kududdufi. Ya ba ta labari yana haki.

Agwagwa ta ce, "Ranka ya daɗe, tata sana'ata ce, da ita nake ci. Ina tsoron kada ka yi irin ta Ladidi."

Sarki ya ce, "Me Ladidi ta yi? Maza faɗa mini!"

Ta ce, "Ladidi gwanar koko ce. Ta dama ƙullu, ta zuba a ƙyalle, ta tari gasara, ta watsa wa awaki dusa, duk unguwa ba mai kama ƙafarta. Sai ta je wurin gwaggonta Tambai koyon awara. Aka niƙa waken suya aka tace, aka dafa, aka zuba ruwan tsami ya dunƙule, aka juye a ƙyalle. Tambai ta leƙa maƙwabta, kafin ta dawo Ladidi ta tare ruwan a roba tsaf, ta zazzage wa awaki abin da ke cikin ƙyallen, tana jiran yabo.

"Tambai ta dafa kai ta ce, 'Wayyo ni! 'Yar nan, kin zama Ɗan'iya na Tudu!' Ladidi ta ce, 'Gwaggo, shi kuma wane ne?'

"Tambai ta ce, 'Mutumin tudu ne, tun yana yaro da rawaninsa yake tace ruwan tafki kafin ya sha. Ya zo bakin kogi, masunta suka ba shi komar kamun kifi ya taya su. Ya cusa ya ɗago, ga kifi na ta tsalle, ga ruwa na zuba. Ya ƙwala ihu, "A kawo ƙwarya, ruwan zai ƙare!" Ya tari ruwan, ya kakkaɓe kifin cikin kogi yana cewa bai taɓa ganin ruwa mai datti haka ba. Ke ma, rabawa kawai ƙyalle ya iya, bai san abin da kika zo nema ba.'"

Sarki ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance. Agwagwa ta bari ya gama, sannan ta ce, "To, Allah ya ja zamaninka, kai koko kake yi a fadar nan ko awara? Maganar da ke wucewa sumul ta wuce ke nan, ba ka riƙe komai ba. Wadda ta tsaya maka a wuya, ka duba ta kafin ka ba awaki."

Dariya ta tsaya cak. Kunya ta kama Sarki, don ya tuna duk wata rijiya da bai faɗa ba, Jatau ne ya riƙe masa riga. Ya ce, "Wallahi awara ce! Kin yi gaskiya!"

Bai tsaya kiran dogari ba. Ya tattare babbar riga ya ruga ta cikin kasuwa, takalmi ɗaya a ƙafa, mutane na darewa suna salati. Ya iske Jatau ya gama ɗaure kayansa a kan jaki. Sarki ya durƙusa ya kama igiyar yana kwancewa da hannunsa.

Jatau ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta nan ake kwancewa ba, ƙara ƙulle ta kake yi."

Sarki ya ɗago da hawaye a ido ya ce, "To nuna mini, Baba."