Allurar Malam Rainald

An yi wani mutum a wani gidan zuhudu na Kiristoci a ƙasar Burgundi, sunansa Gilduin, mai kwaɗayin tsiya. Dokar gidan ta hana masu lafiya cin nama. Wake da gurasa ne abincinsu, romon kaza kuwa sai wanda ke kwance a ɗakin jinya.

Gilduin ya shiga lambun magani ya tsinko wani ganye mai ƙuna, ya murza a hannu da goshi har fata ta tashi. Ya zo ɗakin jinya yana nishi, aka ba shi gado ɗaya da ya rage. Da rana wata mata ta kawo mijinta, mai saran itace, jikinsa zafi rau. Aka shimfiɗa masa ciyawa a zaure saboda babu gado. Gilduin yana jin tarinsa, yana shan romo. Kwana uku mutumin ya cika.

Ya 'yan uwa, wace irin zuciya ce wannan?

Rana ta huɗu tsoho Rainald, mai kula da majinyata, ya tsaya a kan Gilduin ya daɗe yana duban tabon da ganyen ya yi masa. Ya zaro allura. Gilduin ya rufe ido ya yi lamo, wai kada a gane yana da ƙarfi. Allura ta shiga hannunsa, ya cije. Ta sake shiga har jini ya fito, bai motsa ba.

Rainald ya ja da baya, ya ce, "A kira Baba, shugaban gida. Naman ya mutu, ba ya jin komai. Kuturta ce."

Gilduin ya zabura. "Na ji, Malam, na ji! Ganye na shafa!"

Tsohon ya ce, "Ɗana, duk wanda na gaya wa yana da kuturta, irin haka yake cewa."

Washegari aka yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci yana tsaye da ransa. Aka ba shi baƙar riga da 'yar ƙararrawa don mutane su ji zuwansa su kauce, aka raka shi bukkokin kutare bayan gari, aka rufe ƙofa. Tabon ya warke cikin mako biyu, amma babu wanda ya yarda ya matso kusa ya duba. A can ya tsufa, a can cutar ta kama shi da gaske.

Ya jama'a, rabon mara lafiya wuta ne a cikin mai lafiya. Wanda ya ci shi da ƙarya, ranar da zai faɗi gaskiya ba mai saurare. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin wanda ke kwance.