Gaurakan da Ya Hana Gwadabe Rawani

Akwai wani dillalin fata a Tudun Wadar Zariya mai suna Gwadabe, zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Unguwar ma a lokacin sabuwa ce fil, gidajen zana sun fi na ƙasa yawa. Gwadabe ya samu, amma kai, mutumin nan akwai jin kai. Ko gaisuwa ka yi masa sai ka ce roƙo ka zo.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: za a naɗa mai unguwa, shi kuwa ya rantse rawanin nan ba zai wuce kansa ba.

A fadamar bakin kogin Kubanni akwai gauraki, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da tukku ruwan zinariya a ka. Da can garke-garke suke kiwo a cikin ruwa. Masu kamawa suna kai wa manya ado a gida suka ƙarar da su, har ya rage mace da namiji kaɗai ke sheƙa a cikin ciyawar. Saboda haka aka yi shela a kasuwa cewa doka ta hana kama gauraka ko taɓa ƙwansa.

Gwadabe ya ji shelar da kunnensa. Ya kuma ji cewa wakilin hakimi, Malam Kailani, zai zo duba wanda ya cancanta. To, al'ada ce ba a zuwa gaban babba hannu sake, sai da gaisuwa. Wasu masu neman rawanin suka tanadi goro, wasu rago. Shi gogan naka ya ce ya fi ƙarfin goro. Ya sa wani maharbi ya kafa tarko, aka kamo macen tana kan ƙwai, aka datse mata fiffike, aka ɗaure ta a bayan gida.

Yayarsa Rakiya, wadda ke zaune gidan tun rasuwar mijinta, ta same shi.

"Gwadabe, ka ji tsoron Allah. Tsuntsuwar nan kwanci take yi. Kuma ka ji shela."

"Yaya, shela ta talakawa ce. Wane babba aka kai wa gauraka ya ce ba ya so?"

"Ni dai na faɗa maka. Ka mayar da ita tun ƙwan bai huce ba."

Ya yi tsaki ya shige zaure.

Washegari da hantsi sai ga namijin ya sauka a kan katangar gidan. Macen ta yi kuka daga ciki, shi ya amsa daga sama. Wanda ya san kukan gauraka ya san ba abin ɓoyewa ba ne, daga nesa ake jin sa. Aka jefe shi, ya tashi ya dawo. Aka kore shi da sanda, ya dawo. Ba ya kiwo, ba ya komawa fadama. Matan unguwa har hawaye suke yi, wallahi abin da ban tausayi.

Ranar da Malam Kailani ya zo, dattawa sun cika zauren Gwadabe. Ana cikin gaisawa kukan ya katse magana. Maimakon kunya ta kama Gwadabe, sai ya gyara babbar rigarsa ya sa aka fito da tsuntsuwar.

"Ranka ya daɗe, ga 'yar gaisuwata. Babu irinta a Tudun Wada."

Malam Kailani ya dubi fiffiken da aka datse, sannan ya ce:

"Malam Gwadabe, ni na sa aka yi shelar nan. Cikin aikin mai unguwar da za a naɗa har da tsaron fadamar nan da abin da ke cikinta. Yanzu in koma in ce wa hakimi wa na ba wannan amanar?"

Ya nuna tsuntsuwar, ya ci gaba:

"Ba zan kai ka gaban alƙali ba, albarkacin dattawan nan. Ɗauke ta da hannunka ka mayar inda aka kamo ta."

Haka Gwadabe ya rungumi tsuntsuwa ya ratsa unguwa, jama'a na biye, namijin na shawagi a kansu. Ya shiga taɓo har gwiwa da rigar da ya ɗinka don ranar naɗi. Da ya kai sheƙar, ɓawo kawai ya tarar, hankaki sun fasa ƙwan sun shanye.

Ya sauke ta. Ta buɗe fiffike za ta tashi, ta faɗi a ruwa. Namijin ya sauka ya tsaya a gefenta.

A makon nan aka naɗa Salmanu maƙeri mai unguwa. Gwadabe yana cikin ɗaki ya ji guɗa daga can ƙarshen layi, bai fito ba.

Darasi: Wanda ya raina doka don yana ganin ya fi ƙarfinta, kuma ya kasa tausaya wa halittar da ba ta da bakin kai ƙara, ba a ba shi amanar mutane. Gauraki sun yi ƙaranci a fadamunmu, kada mu zama masu ƙarasa su. Ku tura wa 'yan uwa labarin nan, musamman masu sha'awar ajiye tsuntsun daji a gida.