Ƙadangaren Alhaji Barau

Ranar da aka tsinci mataccen ƙadangare a tankin kamfanin ruwan leda na Alhaji Barau, sai ya aika aka kira Lantana, mai tsara kanun labarai a 'yar jaridar da ke haya a gidansa.

"Gobe kamfanina nake son gani a kanun labarinku," in ji Alhaji. "Ban da ƙarya, ni ba na son ƙarya. Ban da zancen ƙadangare. Kuma kowa a garin nan ya karanta. In kin kasa, ku bar mini gidana."

Lantana ta san sanarwa irin ta "muna ƙara inganta ayyukanmu" ba ta da amfani sai naɗe ƙosai. Sai ta rubuta layi ɗaya ta miƙa masa.

Alhaji ya karanta: "ALHAJI BARAU YA HANA MU FAƊIN ABIN DA AKA TSINTA A TANKIN RUWANSA." Ya miƙe zumbur. "Ke! Kashe ni za ki yi?"

"Ranka ya daɗe, akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"Na ambaci ƙadangare?"

"A'a."

"Akwai wanda zai wuce bai karanta ba?"

"Ai cewa za a yi gawar mutum ce!"

"Wannan kuma su suka faɗa, ba ni ba."

Alhaji ya share gumi, ya koma ya zauna. "To, rubuta ƙadangaren. Amma ki ce ɗan ƙarami ne."

"Ranka ya daɗe, ai ka ce ba ka son ƙarya."