Bushiya Mai Ɗori da Ƙafar Barewa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Goggo.

An yi wata Bushiya da ta gaji ɗori a wajen ubanta. Sai dai in an kawo mai karaya, ba a yarda ta taɓa shi sai Dila yana wurin. Ita ta faɗi abin da za a yi a hankali, Dila ya maimaita da babbar murya, a watse ana yi wa Dila godiya.

Rannan Barewa ta karye a ƙafa, ga shi saura wata guda mafarauta su shigo dajin da karnuka. Wanda bai iya gudu ba ya zama nama.

Dila ya ce wannan aikin ya fi ƙarfin mace. Ya jera karare, ya ɗaure da tsumma, ya ja tamau.

Bushiya ta matso ta ce a sassauta, jini ba ya wucewa. Aka ce ai su mata dama akwai tsoro.

Washegari ƙafa ta kumbura. Bushiya ta ɗaga murya ta ce a sassauta. Aka ce ji rashin kunya, mace tana yi wa dattawa tsawa.

A rana ta uku Bushiya ta zo ta tsaya, ta yi shiru. Aka ce ai ga shi, ita ma ba ta da tabbas.

Barewa kuwa tana kwance, tana jin haushin karnuka daga nesa. Ta kira Bushiya ta ce, "Yaya, na daina jin kofatona. Ƙafar tawa ce. Kwance ɗaurin nan."

Bushiya ta warware tsumman. Kofato ya yi sanyi ƙalau. Ta murza, ta murza, har Barewa ta ce, "Wash, zafi."

Bushiya ta ce, "Madalla da zafin."

Ta sake ɗorin. Ranar da mafarauta suka shigo, Barewa ta tsira da ƙyar, amma ɗingishi bai bar ta ba har ta tsufa. Dila ya bi gida gida yana cewa shi ya aiki Bushiya, kuma da yawa suka yarda.

To, yara, in mai sani ta yi magana, ku saurara tun ranar farko. Kwana ukun nan ba a ƙafar Dila suka fita ba.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta ƙare, kowa ya kama shimfiɗarsa.