Ƙwayar Tazara a Gwangwanin Maɓallai

Akwai wata tela a layin masu gyaran waya, mace mai hannu, wadda kallo ɗaya za ta yi maka ta san awon kafaɗarka. Aibinta guda ne, ba ta bari a gama mata magana. Kana buɗe baki za ta ce "na sani", har mutanen layin suka laƙaba mata Na-Sani.

Mijinta direban babbar mota ne. Sai ya yi makonni a hanya, ya zo ya kwana biyu, ya sake saɓa jakarsa.

Haihuwarta ta uku da ƙyar aka sha, sai da aka yi mata tiyata. Likita ya zaunar da su ita da maigidan, ya ce mahaifarta tana buƙatar hutun shekara biyu, don ciki a kan ɗanyen ɗinki zai iya taɓa ranta. Direba ya ce shi lafiyarta ce gaba da komai.

Ranar karɓar ƙwayar tazarar haihuwa, nas ta ɗauko katin maganin ta fara bayani. Ba ta yi nisa ba Na-Sani ta karɓe, ta ce ai ba yau ta fara shan magani ba, kuma ta bar mutane suna jira a shago.

To, ita mace ce mai tattali. Ba ta kunna dutsen guga sai kaya sun taru, ba ta yar da ƙyalle ko da faɗin tafin hannu ne. Da wannan tunanin ta ɗauki ƙwayar. Me za ta yi da magani alhali maigida yana can wata uwa duniya? Sai ta jefa katin cikin gwangwanin maɓallai. In ya bugo waya cewa yana hanya, ta ɓalli ɗaya ta haɗiye. Yana tafiya ta rufe gwangwani.

Wata rana ƙanwarta ta zo a sa mata maɓalli a rigar mijinta. Tana tona gwangwanin sai ga kati kusan cike.

"Yaya, wannan ba shi aka ba ki tun kafin yaron nan ya fara zama ba?"

Na-Sani ta yi mata bayanin dabararta, har da alfahari. Ƙanwar ta dafe kai. Ta ce wannan ba maganin ciwon kai ba ne da ake sha in ciwo ya zo. Kullum ake shan sa a kan lokaci, ko maigida yana nan ko ba ya nan. Ta ce ita da ta san tana da mantuwa allura take yi, kuma akwai wanda ake sakawa a damtse.

"Ke da na goya a bayana za ki koya mini zaman aure? Na sani, miƙo rigar."

Ƙanwa ta miƙa rigar, amma ta tafi da damuwa.

Yaron ya fara rarrafe ke nan, Na-Sani ta yanka wa kanta siket da awonta na kullum. Zik ya ƙi rufuwa. Ta ɗora laifin a kan tef ɗin awo, ta aro na maƙwabciya, shi ma ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Nan ta zauna a kan kujerar keken ɗinki, maganar likita tana dawo mata.

Asibiti suka tabbatar da ciki. Aka hana ta taka keke, aka hana ta ɗaukar ko da bokitin ruwa. Ta lulluɓe keken da tsohon zane, yaron da bai isa yaye ba ya koma hannun ƙanwar da ta gwasale. Duk sanda mararta ta murɗa sai ta kalli 'ya'yanta, tsoro ya cika ta, ta rasa wanda za ta ce wa ta sani.

Direba ya ajiye mota ya dawo gida. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi da yake duba mai da ruwan mota kowace safiya, bai taɓa tambayar yadda matarsa take shan magani ba, don haka laifin nasu ne su biyu.

Tun kafin cikin ya cika aka kwantar da ita, aka sake tiyata. Ta zubar da jini sosai, sai da aka ƙara mata na ƙanwar. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, ga kuma 'yar jaririya da kowa ya karɓa hannu bibbiyu.

Ranar sallama, nas ɗin nan ta farko ta shigo ɗakin. Da ta gane ta, sai ta yi murmushi ta ce ai wannan ba sai an yi mata bayani ba.

Tela ta kama hannunta.

"Sista, don Allah zauna. Ban sani ba. Fara mini daga farko."

Direba ma ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon.

Darasi: Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗa kyauta ce daga Allah, amma lafiyar uwa amana ce a wuyan mata da miji. Maganin tazara da ake sha yau a bari gobe ba ya tsare kowa. In kun zaɓi wata hanya, ku saurari bayanin ma'aikatan lafiya har ƙarshe, in ba ta dace da rayuwarku ba ku nemi wata. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai irin wannan gwangwani a gidanku.